Inji Sabon Haɗi Ya Ƙi Lafiya: Yadda Ake Bin Sawun Matsala a Tsohuwar Akori-kura

Tambaya ɗaya ake ta aiko mini, kowa da irin tasa fuskar. Wani ya sa sabon ringi da mital (shimfiɗar ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kai) da gasket, ya ɗora inji, ya murza makulli, shiru kake ji. Wani nasa ya tashi amma yana tari yana harbi ta kafireta. Wani kuma ko minti 10 bai yi ba ruwan lagireto ya tafasa. Kusan dukansu da magana ɗaya suke rufewa: "In sake sauke shi?"

A'a, tukuna. Kada ka ɗora sufana a kan notin tof, wato kan injin da ke rufe silinda, sai geji ya ba da shaida. Injin ne sabon haɗi, amma tankin da ke ba shi mai, da wayoyin da ke ba shi wuta, da lagireton da ke sanyaya shi, duk sun yi shekaru a ajiye. Mutane da yawa sukan bar jaki su daki taiki. Za mu fara daga waje, inda bincike ba ya cin komai, mu riƙa shiga ciki sannu a hankali. Sharaɗi ɗaya ne: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta. In ka taɓa taimin (saitin lokacin wuta) da kafireta da fulogi tare, ko motar ta gyaru ba ka san me ya gyara ta ba.

Kayan aiki da abin da za su ci

Kana buƙatar littafin injin, mitar auna wuta, gejin matsin silinda, gejin matsin baƙin mai irin mai allura da ake ɗaurawa a jikin bulok, gejin zuƙar iska, fitilar taimin, fila geji, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri. Ka ajiye tukunyar kashe gobara kusa, kuma ka sami mutum na biyu. Sufanar awo ce mai ɗan tsada a cikinsu, ana iya aronta. Sauran duka in ka haɗa kuɗinsu, da wuya su kai kuɗin sabon setin gasket da baƙin mai da ladan sake sauke inji. Littafin kuwa ba shi da madadi, domin lambobin da zan kawo na yawancin tsofaffin injuna ne, in sun saɓa da littafinka, littafin za ka bi.

1. Kafin ka taɓa makulli

Cire fulogi duka, ka sa giya a firi, ka kama notin fulin kiransha (babbar sandar da fiston ke juyawa) da sufana ka juya inji da hannu zagaye biyu cikakku. Sabon ringi yana sa nauyi, wannan ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne ya tafi lafiya ya cije a wuri ɗaya. Wannan na nufin bawul na taɓa fiston, ko an juya murfin mital baibai, ko wani noti ya faɗa silinda.

Gargaɗi: in ya cije, kada ka ce bari sitata ya ƙarasa. Abin da hannu ya kasa juyawa, sitata lanƙwasa shi zai yi.

Sai a kai baƙin mai ko'ina kafin wuta ta kama. A injunan da distiributa ke juya famfon mai, ana cire distiributa a juya famfon da injin huda, har allurar geji ta tashi kuma mai ya ɓullo a saman tof. In naka ba irin wannan ba ne, cire wayar kwayil, fulogi na waje, ka riƙa buga sitata na daƙiƙa 10 kana hutawa har geji ya motsa. Kada ka wuce gona da iri, yawan bugun banza yana share man da aka shafa wa kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) wajen haɗi.

2. Sitata na jan ƙafa

Cikakken batir yana nuna volt 12.6. Lokacin bugun sitata bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. In batir lafiya yake amma sitata na nishi, je ka duba inda wayar negetif ta kama jikin inji. Mai gyaran tsohuwar mota yana son kwalliya, ya fesa wa bulok fenti mai kauri, ya ɗaure waya a kan fentin. Wuta ba ta ratsa fenti. Kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka tabbatar kuma ka mayar da wayar da ke haɗa inji da shasi, ita ce aka fi mantawa bayan ɗora inji.

3. Yana juyawa, bai kama ba

A nan mafi yawan masu tambaya suka maƙale, don haka zan daɗe. Injin fetur abu huɗu yake nema: wuta, wutar a kan lokaci, mai, da matsi. A bi su a haka.

Wuta. Sa fulogi a wayarsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, a buga sitata. Tartsatsi shuɗi mai ƙara kake nema. In babu, auna ko wuta na isa kwayil, sannan ka buɗe distiributa ka duba kwantak, ƙananan ƙarafa biyun da ke haɗa wuta suna yankewa. Motar da ta daɗe a ajiye kwantak ɗinta yakan yi tsatsa-tsatsa, gogewa kaɗan ta isa. Tazararsa a yawancinsu kusan milimita 0.4 ce. Kwandensa ma kan mutu, kuma ba ta da tsada.

Gargaɗi: kada ka riƙe wayar fulogi da hannu tsirara, kuma kada a yi wannan gwajin kusa da ramin fulogin da ke feso tururin fetur.

Akwai wata alama mai ruɗa mutane. Inji ya kama muddin hannunka na kan makulli, kana saki ya mutu. Tsofaffin motoci da yawa suna da rezista a hanyar kwayil, wadda ake tsallakewa lokacin bugun sitata kaɗai. In ta ƙone ko ba a mayar da wayarta ba, abin da za ka gani ke nan. Babu ruwan injin da wannan.

Lokacin wuta. Kiransha na zagaye biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya. Saboda haka alamar taimin da ke jikin fuli sau biyu take zuwa daidai: sau ɗaya fiston na ɗaya yana matse mai, sau ɗaya yana tura hayaƙi waje. Wanda ya dasa distiributa a kan na biyun, wutarsa ta kauce da rabin zagayen distiributa. Inji zai yi ta juyawa, jefi-jefi ya yi harbi ta kafireta ko salansa, ba zai tashi ba. Na taɓa kwana biyu ina zargin kafireta a kan wannan, har na wanke ta sau biyu, ita kuwa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Gane shi ba wuya. Cire fulogi na ɗaya, toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya inji da sufana. Da ka ji iska na ture yatsanka, fiston na hawa da matsi ke nan. A ci gaba a hankali har alama ta zo daidai. Buɗe murfin distiributa: rota dole ta kalli inda wayar fulogi na ɗaya take. In ta kalli kishiyar wurin, ka kama ɓarawonka.

Daga nan ka bi jerin wuta, ta ɓangaren da rota ke juyawa, kada ka yi zato, kalle ta. Mai silinda 4 yawanci 1-3-4-2 ne. Mai 6 a jere 1-5-3-6-2-4. Ƙaramin V8 na Chevrolet 1-8-4-3-6-5-7-2. Ford ba ya ƙirga silindarsa yadda Chevrolet ke yi, kuma ko a gidan Ford ɗin tsohon 302 da 351W jerinsu daban ne. Sau da yawa an rubuta jerin a jikin manifol.

Ƙarin hattara: fulin wasu tsofaffin injuna zobe biyu ne da roba a tsakani. In robar ta tsufa, zoben waje yakan zame da alamar taimin. In gwajin yatsa da alama sun ƙi jituwa, fiston za ka gaskata.

Mai. Leƙa maƙogwaron kafireta, inji a kashe, ka ja totur. Ya kamata ka ga fetur ya tsarto. In babu, cire tiyon da ke shiga kafireta ka sa a kwalba, cire wayar kwayil, a buga sitata. Famfo mai lafiya yana tofo mai da ƙarfi. Shawarata ma, tashin farko kada ka yi shi da tsohon tanki. Ja tiyo daga ƙaramin galan mai tsabta zuwa famfo. Tsatsar tanki da tsohon fetur da ya zama danƙo suna toshe kafiretar da aka wanke jiya a cikin minti kaɗan. Kafireta ba ta son matsi mai yawa, psi (ma'aunin matsi) 4 zuwa 7 ya ishe ta, don haka wanda ya sa famfon lantarki mai ƙarfi zai ga mai na ambaliya.

Gargaɗi: kada a riƙa tsiyaya fetur a kafireta ana buga sitata, kuma kada fuska ta kasance a samanta. Harbi ɗaya ya isa. In fulogi sun jiƙe sharkaf, cire su a busar, domin fetur mai yawa yana wanke man jikin silinda, sabon ringi ya goga a bushe.

4. Gwajin matsin silinda

In wuta da lokaci da mai duk sun yi, sai a auna matsi. Fulogi duka a waje, totur a buɗe gaba ɗaya, bugu iri ɗaya ga kowace silinda. Tsofaffin injunan fetur sukan ba da psi 120 zuwa 160, sabon haɗi kan ɗan gaza tun da ringi bai zauna ba. Abin dubawa shi ne kada bambanci tsakanin silinda ya wuce kashi 10 cikin 100.

Duka sun yi ƙasa daidai wa daida: zargi sarƙar taimin, wataƙila an kauce da haƙori. Biyu maƙwabta sun yi ƙasa: gasket ɗin tof a tsakaninsu. Ɗaya kaɗai: zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ka sake aunawa. In lamba ta tashi sosai, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne.

Kafin hankalinka ya tashi a kan bawul, sa fila geji ka duba tazarar tafet, wato 'yar ratar da ke tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi. In an matse ta, bawul ba ya rufewa ruf, matsi ya tsere. Gyaran rabin awa ne, murfin sama kawai za a buɗe. An sauke tof da yawa a banza saboda wannan.

5. Idan taka mai shan gas ce

Ba fulogi, ba kafireta, amma akwai iska a layin mai. Sassauta notin fitar da iska a filta, ka yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, sannan ka sassauta bututun nozul a buga sitata har mai ya tsarto, ka ɗaure. Duba hitar da ke ɗumama silinda kafin tashi, duba alamar taimin ta famfon injekta. Matsin silindarsa ya haura psi 300, gejinsa daban ne, kuma ba a yi masa gwajin cokalin mai.

Gargaɗi: kada ka sa hannu gaban nozul, man na iya huda fata. Ka tanadi faffaɗan katako kusa da bakin shigar iska. In an haɗa famfon injekta ba daidai ba inji na iya ɗaukar gudu ya ƙi jin makulli, toshe masa iska ne ke kashe shi.

6. Ya tashi: rabin awar farko

Mutum ɗaya idonsa a kan gejin matsin baƙin mai, ɗaya yana zagaya inji yana neman ɗiga. In daƙiƙa 5 zuwa 10 sun wuce allura ba ta tashi ba, a kashe. Ba a jira "ko zai zo". Ma'aunin da makanikai ke riƙewa shi ne aƙalla psi 10 ga kowane juyi 1,000 a minti, inji da zafi.

Rashin matsin mai a sabon haɗi yana da sanannun dalilai. Famfo bai ja ba saboda an sa shi a bushe. Bututun da ke tsotso mai daga kwanon ƙasa bai kama da kyau ba. Ko kuma, wanda ya fi ciwo, an cire ƙananan matosan hanyoyin mai lokacin wanke bulok an manta ba a mayar da ɗaya ba. Idan kuwa matsi na da kyau da sanyi amma ya zube da zafi, tazarar mital ta yi yawa. Kada ka dogara da fitilar dashbod ko tsohon gejin motar wajen yanke wannan hukunci.

In ka sa sabon kamshaf mai tafet masu shafaffen gindi, kamar yadda yake a yawancin tsofaffin injuna, kada ka bar shi a silo, wato yana aiki a hankali ba a taka totur ba. Ɗaga shi zuwa juyi 2,000 zuwa 2,500, kana ɗan hawa da sauka, na minti 20 zuwa 30. Kamshaf da fantsamar mai yake rayuwa, a silo kuwa fantsamar ba ta isa. Ka yi amfani da man da aka yi don sabon haɗi, mai sinadarin zinc. In wata matsala ta taso a tsakiya, kashe inji ka gyara, ka dawo ka cike mintocin.

Gargaɗi: a fili ake wannan aikin. Hayaƙin inji a rufaffen gareji yana kisa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

7. Silo ya ƙi zama

Yanzu ne lokacin fitilar taimin. Saita yadda littafi ya ce, sannan ka haɗa gejin zuƙar iska a manifol. Lafiyayyen inji yana ba da inci 17 zuwa 21, allura a tsaye cak. A wuri mai tudu lambar na raguwa da kusan inci 1 a kowace mita 300. Allura a ƙasa amma ba ta rawa: taimin ya makara ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Allura na faɗuwa tana dawowa a kai a kai: bawul ɗaya ko fulogi ɗaya.

Don kama satar iska, fesa ruwa a gindin kafireta da bakin manifol. Inda sautin inji ya sauya, nan ne. Wasu da man wanke kafireta suke yi, ni ba na so, kusa da manifol mai zafi wasa da wuta ne. Ka duba kuma ƙananan tiyo da bakunan da aka bari a buɗe. Sukurorin kafireta su ne na ƙarshen taɓawa.

8. Zafi

Sabon haɗi yakan fi tsoho ɗumi kaɗan, amma ba ya tafasa. Fara da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa: inji da sanyi, murfi a buɗe, hitar cikin mota a kunne, a bar shi ya yi ɗumi ana cikawa har kumfa ta daina. Sai tamostat, ɓangaren sifirin ne ke kallon inji. Jefa shi a ruwan zafi ka gani, yawancinsu a digiri 82 ko 88 na ma'aunin Celsius suke buɗewa. Cire shi gaba ɗaya ba magani ba ne, ɓoye cuta ne.

Taimin da ya makara yana kawo zafi sosai, har manifol ɗin hayaƙi ya yi ja. Fanka da aka ɗaura baibai ba ta jan iska yadda ya kamata. Tsohon lagireto kuwa, kashe inji ka shafa jikinsa a hankali, inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi a toshe yake. Sai duk waɗannan sun fita za a zargi gasket. Alamarsa kumfa mara yankewa a bakin lagireto, tiyon sama ya yi tauri tun inji bai yi zafi ba, ko baƙin mai ya koma kalar madara. A wasu injunan gasket na da gaba da baya, in an juya shi yana rufe hanyar ruwa.

Gargaɗi: ba a buɗe murfin lagireto da zafi, ko da tsumma.

9. Hayaƙi da ƙara

A mintocin farko komai na hayaƙi: man haɗi, fenti, tsohon mai da ke kwance a salansa. Ba shi lokaci. Baƙi mai ne ya yi yawa, duba cok da fulot. Fari mai kauri da ba ya bajewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne. Shuɗi baƙin mai ne. In da tashin safe kaɗai yake yi, robar bawul ce. In kullum ne kuma yana ƙaruwa da totur bayan tafiya mai nisa, ringi bai zauna ba ko an sa shi sama a ƙasa.

Ƙara kuwa, dogon sukudireba ya isa, baki a jikin inji, ƙota a kunne, nesa da fanka. "Tik-tik" daga sama tafet ne, ko gasket ɗin manifol na huci, wanda kan yi shiru in ƙarfe ya yi zafi. Bugu mai nauyi daga ƙasa shi ne abin gudu. Riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. In bugun ya ragu a wata silinda, mital ɗin kwanrod ɗinta ne, sandar da ke haɗa fiston da kiransha. Kashe inji. Kowane minti da ka ƙara, kiransha ne ke biya.

10. Juyen farko da fita hanya

Bayan rabin awar nan, juye baƙin mai da ɗuminsa, ka sauya filta, ka yanka tsohuwar ka baje takardarta a rana. Ƙura mai laushi kamar toka ba abin damuwa ba ce. Ɓarɓashi mai ƙyalli kalar jan ƙarfe daga mital yake. Wanda maganaɗisu ke kamawa da yawa, kamshaf ko tafet ne ke cinyewa, musamman in tazarar wani tafet na ƙaruwa duk lokacin da ka auna.

Inji ya huce sarai, ka sake bin notin tof da sufanar awo daga tsakiya zuwa waje in littafi ko mai gasket ya ce a yi, sannan ka sake saita tafet, domin ɗaurin tof na sauya tazarar.

Ringi a kan hanya yake zama, da nauyi. A babbar giya, taka totur sosai daga matsakaicin gudu na 'yan daƙiƙu, ka saki mota ta ja da kanta, ka maimaita sau 10. A kilomita 800 na farko kada ka tsaya a gudu ɗaya, kada ka ɗora kaya masu nauyi, kada ka bar ta tana silo a ƙofar gida don jin daɗin sauti. Dogon silo yana sa bangon silinda ya yi santsi kamar gilashi, ringi ya ƙi kamawa, inji ya yi ta shan mai. A kilomita 800 ka sake juye baƙin mai, ka sake auna matsi, ka gwada da lambobin da ka rubuta a mataki na 4.

Abubuwan da suka cancanci a sake buɗe inji ba su da yawa: ya cije da hannu, matsin mai ya ƙi zuwa a gejin da ka amince da shi, bugu daga ƙasa, ɓarɓashi a filta, ruwa a baƙin mai, ko silindar da ta ƙi tashi bayan an saita tafet. Ko a nan ma, matsalar mai da bugun ƙasa kwanon ƙasa ake fara cirewa, matsalar matsi da ruwa kuwa tof. In wani ne ya yi maka aikin bulok ko kiransha, kira shi ya ga lambobin da tsohuwar filtar kafin ka kwance noti ko ɗaya.